Layin Da Na Rubuta Da Fensir

Sallama gare ku masu bibiyata, musamman waɗanda suka cika mini akwatin saƙo da "Mukarrama ki ji tsoron Allah, miji irin Zayyad ba kullum ake samunsa ba." Na gode da nasiha. Duk wadda take so ta zo Kudan, ni da kaina zan raka ta har bakin shagonsa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni 'yar Malam Sa'idu ce, tsohon malamin gona a Kudan. Na karanta injiniyancin kwamfuta a Zariya, na gama bautar ƙasa, na dawo ɗakin Inna ina jiran aiki. Zayyad kuwa ɗan aminin Baba ne, yana da shagon gyaran waya a Makarfi. A allon shagon an rubuta INJINIYA da haruffan da suka kusa fin ƙofar girma, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. An tsayar da Juma'ar nan danginsa za su kawo gaisuwa gidanmu. Kada in yi wa Baba ƙarya, bai tilasta mini ba. Cewa kawai ya yi zai ji daɗi, ni kuma tunda nake ban taɓa iya ce wa mutumin nan a'a ba.

Bara wata ƙungiyar agaji ta raba wa ƙungiyar manoman rake ta Kudan da Makarfi da Ikara tabilet guda sittin, don su riƙa ɗaukar hoton ciwon rake suna turawa a ba su shawara. Abin ya zama abin dariya. Ka cika ta da caji da safe, kafin azahar ta yi zafi kamar dutsen guga, ta mutu. Wasu suka jefa tasu cikin akwati, wasu suka bar wa jikoki. Baba, da yake shi ne mai ba ƙungiyar shawara, ya kawo tasa gida ya ajiye a kan rediyo. Ni kuma na ɗauka na kwance ta.

Bari in yi muku bayanin ciwon a taƙaice, don ku gane irin satar da aka yi mini. A cikin kowace waya akwai ƙwaƙwalwa, kuma tana iya gudu a hankali ko da sauri. Kun san injin ban-ruwa, in ka murɗa shi ya yi gudu ya sha mai, in ka sassauta ya lafa. To ita ma haka take, kowane mataki na gudu yana da ƙarfin wutar da yake buƙata. In wutar ta yi kaɗan ta sandare, in ta yi yawa ta ƙone batir a banza. Mai canza mata mataki shi ne kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Amma kanel ba ya duba, sai an rubuta masa. Sai ka zauna ka siffanta masa na'urar dalla-dalla: ga matakan gudunta, ga wutar kowanne, ga ɗan abin da ke ƙara wutar da rage ta, ga tsawon lokacin da zai jira wutar ta daidaita kafin ya ƙara gudu. Waɗanda suka haɗa tabilet ɗin nan ba su rubuta ko ɗaya ba. Don haka tana kunnuwa take kama gudu ɗaya, ko aiki take ko zaman banza, har ta ƙare.

Wata uku na yi ina neman lambobin nan. Na liƙa wayoyi biyu sirara a jikin allon, na haɗa da mita, na riƙa ɗora ta a kan kwanon akurkin kajin Inna tun hantsi har azahar, domin a gona za a yi aiki da ita, ba a ɗakin sanyi ba. Inna ta ce na hana kajinta sakewa. Matakin da ya jure rana kwana uku a jere bai sandare ba, sai in rubuta shi da biro a littafina. Wanda ban gama gwadawa ba, da fensir yake zama. A wurin Baba na gaji wannan. Tun ina ƙarama nake ganin in ya gwada sabon taki ko sabon iri, da fensir yake rubutawa, ba ya bi da biro sai an girbe ya gani da idonsa.

Layi huɗu suka samu biro: megahaz ɗari huɗu da takwas, ɗari takwas da sha shida, dubu da ɗari biyu, sai dubu da ɗari huɗu da sha shida, kowanne da wutarsa a gefe. Na biyar, dubu da ɗari shida da takwas, ya tsaya da fensir. A cikin ɗaki yana tafiya lafiya lau, amma da ya ji rana sai ya sandare. Na tura huɗun ga masu kula da kanel ɗin Linux a dandalinsu na intanet, inda kowa yake gani. Sau biyu wani dattijo a can wata ƙasa yana dawo mini da shi in gyara, a na uku ya karɓa, da sunana a saman fayil ɗin. Ranar sai da na yi kuka a bayan ɗaki.

Ana cikin haka ƙungiya ta ce tana neman wanda zai kula da na'urorin, aiki sosai mai takarda. Na sami Baba a kan dardumarsa, na durƙusa na ce ina so.

"Mukarrama, aikin yawon ƙauyuka ne," in ji shi. "Na riga na ba Alhaji Jumare sunan Zayyad. Yana da shago, yana da mota. In kun yi aure ai duk ɗaya ne, sai ki riƙa taya shi."

In taya shi! Mutumin da in waya ta gagare shi sai ya hura mata iska ya ce ruwa ne ya shiga.

Ranar Asabar bayan la'asar ya zo zance. Tun kafin ya yi sallama turarensa ya riga shi shigowa zaure. Shadda ce a jikinsa ruwan sararin sama, sitati ya sa tana ƙara in ya motsa, hula an karya ta gefe, agogo kamar murfin kwano. Ya jera wayoyinsa biyu da makullin mota a kan tabarma, yadda ko makaho zai san yana da su. Inna ta sa na canza zuwa atamfata mai ganyen kore, na zumbula hijabi ruwan toka, na kawo masa zoɓo da yankakken rake a faranti. Littafina yana hannuna, don daga kan aiki aka taso ni.

"Hajiyata, har yanzu ana wasan wayoyin ne?"

"Ana yi, Injiniya."

"Ki bar wahalar da kanki. Tabilet ɗin nan filashin kawai suke so. Ni da na ɗora hannu a kan sistem na san ciwonsa, baiwa ce."

"Allah ya ƙara baiwa. Wace ƙwaƙwalwa ce a cikinsu?"

Ya tauna rake ya tsotse, ya tofar a faranti. "Ta Chana ce."

Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali dariya nake dannewa. Ya jawo littafin ya buɗe, ya ce mene ne waɗannan. Ni da wautata, son a san na iya ya ɗebe ni, na yi masa bayani, har da inda ake sa lambobin a cikin fayil. Yana ta "yes, yes, na sani ai." Sai Inna ta ƙwala mini kira in zo in sauke mata tukunya. Da na dawo, littafin yana rufe a gefen da ba nan na bar shi ba, shi kuma yana mayar da waya aljihu yana murmushi. Ya ce zoɓon ya yi daɗi.

Ranar Litinin da hantsi na ga abin da ya ɗora a sitatus. Hoton kwamfutarsa ne, ga tabilet a jere a kan kanta, a ƙasa ya rubuta: *Injiniya Zayyad ya warware matsalar da ta gagari 'yan digiri. Mu haɗu Laraba a Janfalan.* Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Layi ɗaya tak ya bari a cikin fayil ɗin, kuma layin fensir ne. Ya goge huɗun da na sha rana a kansu, ya riƙe wanda ya fi girman lamba.

Na tura wa yayata Rahama da ke aure a Ikara.

*Yaya kin ga ɓarawon nan?*

*Innalillahi. Ki gaya wa Baba yanzu yanzu.*

*Zai ce baƙin ciki nake yi don an ba shi aikin.*

*To in layin ya yi aiki fa? Shi ke nan ya ci da guminki.*

*Ba zai yi ba. A shagonsa mai sanyi ya gwada. Rana na taɓa su za su sandare.*

*Mukarrama, Baba ne fa ya tsaya masa a gaban mutane.*

Na karanta wannan na ƙarshen, na kife wayar. Ga abin da na zo in faɗa muku yau, kuma ba na neman a wanke ni: na sani tun Litinin, kuma na yi shiru. Raina ya ɓaci da Zayyad, amma in gaskiya za a bi, ya fi ɓaci da Baba. So nake ya gani da idonsa.

Laraba Baba ya ce in shirya mu je tare, in ga irin mijin da zan aura. Na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan ƙasa, na zura kwamfutata da tabilet ɗin Baba a jaka. Muka kama hanya a tsohuwar fijonsa.

A bakin fadamar Janfalan aka yi taron, ƙarƙashin wani mangwaro da inuwarsa ba ta ishi rabin mutanen ba. Manoma sun fi arba'in. Alhaji Jumare, shugaban ƙungiyar, yana kan kujerar roba, Baba a gefensa. Zayyad ya sha farar shadda, ya jera tabilet goma sha biyu a kan bonet ɗin motarsa, cikin tsakiyar rana, don a ga yawansu. Da na ga haka na ce a raina, bawan Allah har taya ni kake.

"Jama'a," in ji shi, "wata biyu na yi ina bincike, ko abincin kirki ba na ci. Na gano kamfanin ne ya ɗaure gudun na'urar. Ni kuma na kwance shi. Yanzu gudunta ya fi na waɗanda ake sayarwa a Kano."

Aka yi ta "masha Allah." Baba yana gyaɗa kai yana kallona ta gefen ido. Aka rarraba. Da farko kam sun yi sauri, ka taɓa su buɗe. Mutane suka bazu cikin rake suna ɗaukar hoto. Na duba agogona.

Ba a yi minti ashirin ba Bobbo ya fito daga cikin rake. Dattijon Bafulatani ne mai gona da shanu, ba ya ɓoye magana. Yana riƙe da tasa da bakin rigarsa.

"Kai yaro, wannan abu naka a soya ƙwai a kai ne? Ga shi ya kafe. Fuskata ce a ciki tun ɗazu, ta ƙi tafiya."

Aka kwashe da dariya. Kafin a gama wani ya fito, wani ya biyo shi. Cikin sha biyun, tara sun sandare, sauran ukun batirinsu na zuba kamar tulu mai huda. Zayyad ya karɓi ta Bobbo ya danna, ya girgiza, sannan wallahi tallahi ya kai ta baki ya hura mata iska.

"Netwok ne," ya ce.

"Ina ruwan netwok da zafi?" in ji Alhaji Jumare. "Malam Sa'idu, kai ka kawo mana shi."

Gumi ya jiƙa farar shaddar nan ta manne a bayansa. Ya waiga ya gan ni, na ga lokacin da dabarar ta faɗo masa.

"Baba, gaskiya lambobin ba nawa ba ne. Na Mukarrama ne. Ni taimaka mata na so in yi, don kada wahalarta ta tashi a banza. Ashe ba ta iya ba."

Duk idanu suka dawo kaina. Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Ɗazu ka ce wata biyu ka yi kana bincike."

"E to, Baba, wato haɗin gwiwa..."

"Ita ta ba ka?"

"A littafinta na gani. Ina da hoton ma, ga shi, rubutunta ne."

Shi a tunaninsa hujja ya kawo. Baba ya ciro tabarau daga aljihun gaba, ya saka, ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Layi biyar nake gani. Wanne ka sa?"

"Na ƙarshen. Shi ya fi gudu."

"Huɗun sama fa?"

"Na cire su. Su ke sa na'ura jan ƙafa."

"Ba ka lura na ƙarshen da fensir aka rubuta shi ba?"

Zayyad ya yi 'yar dariya. "Baba, ai lamba lamba ce, ko da gawayi aka rubuta."

Tsofaffin manoman da suka yi aiki da Baba shekara da shekaru suka fara kallon juna. Duk sun san littafinsa, sun san in ya ce musu "wannan har yanzu fensir ne," ba mai zuba shi a gonarsa. Bobbo ya ja tsaki mai tsawo, ya ce, "Ko ni da ban yi boko ba na san fensirin gidan Malam."

Baba ya miƙa masa wayarsa ba tare da ya dube shi ba. Ya ce, "Mukarrama, akwai gyara?"

Na ciro tabilet ɗinsa daga jaka na ba Alhaji Jumare. Tun safe take a kunne, batirinta bai sauka daga saba'in ba, jikinta ɗumi kawai. Na ce ya ɗora ta a kan bonet ɗin nan, in ta sandare kada a sake saurarona. Na zauna a kan tabarma na haɗa ta Bobbo da kwamfutata, na mayar da layi huɗun. Ina yi ina gaya musu: in kana karatu kawai za ta sauka matakin ƙasa ta sha wuta kaɗan, in ka buɗe kyamara kanel zai fara ƙara wuta, ya ɗan jira, sannan ya ƙara gudu, in ka gama ya dawo da ita. Na nuna wa Alhaji fayil ɗin a dandalin, ga kwanan wata tun kafin Zayyad ya san da zancen, ga sunana, Mukarrama Sa'idu. Aka yi sallar azahar aka dawo, ta kan bonet tana nan da ranta. Zayyad kuwa ya ce zai je ya ɗauko wani abu a mota, sai ƙarar tayarwa muka ji, da ƙyar wani ya ɗauke tabilet ɗin Baba daga kan bonet.

Alhaji Jumare ya yi dariya har da buga cinya. "Malam Sa'idu! Kana da wannan a cikin gidanka, ka tafi Makarfi ka nemo mana mai hura iska? Shekara talatin kana hana mu yarda da abin da ba a gwada ba!"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na fara, sai na dubi Baba. Yana murmushi irin na dole, yana ninke tabarau yana buɗewa. Ban taɓa ganin an yi wa mahaifina dariya ba sai ranar, kuma daɗin da na kwana biyu ina jira ya koma mini ɗaci.

A hanyar komawa muka bi ta Makarfi. Muka wuce shagon, a rufe, allon nan yana sama. Wayata ta yi ƙara. *Hajiyata ki rufa mini asiri ki turo daidai ɗin, abin mace ai na mijinta ne. Juma'a tana nan ko?* Na goge, ko tsaki bai samu ba.

"Kwamfutar da kika taho da ita," Baba ya ce, idonsa a kan titi. "Kin san za a buƙace ta."

"E, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin."

Ya ci gaba da tuƙi har Kudan.

Da muka isa ya yi la'asar, ya zauna a kan dardumarsa a tsakar gida, ya ciro ɗan littafin aljihunsa. Ya yage takarda ɗaya, ya rubuta wa Alhaji Jumare cewa ya janye sunan da ya bayar, ya sa nawa. Da biro ya rubuta, ina durƙushe ina gani. Sannan ya buɗe shafin wannan makon.

"Miƙo mini kilina."

Na shiga ɗaki na ɗauko abin goge fensirin na kawo. Da na sunkuya zan ba shi, idona ya faɗa kan shafin. *Juma'a, mutanen Makarfi, gaisuwar Mukarrama.* Jama'a, da fensir ne. Tun ranar da aka tsayar da maganar, da fensir ya rubuta ta. Ashe shi ma gwadawa yake, jira yake in zo in gaya masa abin da na gani, ni kuma na zaɓi in nuna masa a gaban mutum arba'in.

Ya goge layin a hankali har takardar ta yi fari, ya hure ɓurɓushin, ya miƙo mini kilinar.

"Wannan ya gogu," ya ce. "Na Janfalan ne ban san da me zan goge ba."

Ya tashi ya naɗe dardumarsa ya shige ɗaki. Yau kwana biyu ke nan, in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. Takardar aikin tana cikin jakata, sauran tabilet ɗin suna jira a Ikara, ni kuma tun safe nake zaune a ƙofar ɗakinsa da kwanon kununsa, ya huce a hannuna, na kasa yin sallama.